Yadda wanda ya tsaya wa mai cin bashi zai karɓo kuɗinsa idan biya ya faɗo kansa

Ranar da aka kira ni daga ƙaramin bankin da abokin aikina ya ci bashi, a zatona tambayata za a yi inda ya shiga. Ashe ni ake nema. Naira 1,200,000 ya karɓa don ya ƙara jari a shagon kayan masarufi, mu biyu muka tsaya masa, ya biya wata huɗu ya ɗauke ƙafa. Abin da ya rage, uwa da ruwa da tarar jinkiri, ya kama naira 840,000, kuma da yake ni ne mai albashi a cikin masu tsayawar, ni aka riƙe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ban sani ba a lokacin, wanda yawancin masu tsaya wa mutane ba su sani ba, shi ne wannan: ranar da ka biya wa mutum bashin da ka tsaya masa, bashin bai mutu ba, hannu kawai ya canza. Kai ka koma mai bin bashi, dokar Najeriya ta ba ka wannan matsayi, shari'ar Musulunci ma ta ba ka. Sai dai kotu ba za ta karɓo maka komai ba sai abin da ka iya tabbatarwa, kuma ba za ta karɓo shi daga ko'ina ba sai daga abin da mutumin ya mallaka. Duk matakan da ke tafe a kan waɗannan abubuwa biyu suke.

Fara da takardar da ka sa wa hannu

Je ka nemi kwafin takardar lamunin, wato ta tsaya masa da ka yi, da ta bashin kansa, da cikakken bayanin asusun tun daga ranar da aka ba shi kuɗin. Ka nema a rubuce, ka sa su buga maka hatimi a kwafinka alamar sun karɓa. Yawancinmu ranar sa hannu ba mu karanta ba, an nuna mana layi mun rattaba. To yanzu zauna ka karanta.

Abu uku kake dubawa. Nawa ka lamunta: adadi ƙayyadadde ne, ko an rubuta duk abin da ake bin sa yanzu da nan gaba? Ku nawa ne, kuma an ce kowannenku ana iya bin sa duka kuɗin? Sannan an canza wani abu bayan ka sa hannu? Wannan na ukun yana da nauyi. Asalin ƙa'ida ita ce idan mai ba da bashi da mai ci suka sauya yarjejeniya ba da yardarka ba, aka ƙara masa kuɗi, ko aka ɗaure masa sabon wa'adi, ko aka sakar masa jinginar da ya ajiye, lamuninka yana iya faɗuwa, duka ko wani sashe. Bankuna sun san da haka, shi ya sa takardunsu suke cike da sharuɗɗan da ke toshe wannan ƙofa. Amma ƙungiyoyin ma'aikata da 'yan kasuwa masu ba da kaya bashi ba kasafai suke rubuta irin wannan ba, a nan kuwa kana da abin faɗa.

A dokar da kotunan majistare da manyan kotuna ke aiki da ita, lamunin bashi sai da rubutu da sa hannun mai lamunin. Saboda haka idan manhajar bashi ta waya ce ta kira ka tana cewa wane ya sa lambarka a matsayin garanto, alhali ba ka sa hannu a komai ba, ba a bin ka ko kwabo. Ka ajiye saƙonnin barazanar, ka kai su hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC. Wanda kuma bai iya karanta Turanci ba, aka sa shi dangwale ba tare da an rubuta cewa an karanta masa an fassara masa ba, ya nuna wa lauya wannan, don akwai dokar kare wanda bai yi karatu ba.

Kafin ka fitar da sisi

Mutane sukan ce wa banki, ku fara kama shi mana, ai ga shi can yana yawo. A hankalce magana ce mai kyau. A fiƙihun Malikiyya ma haka take: Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce ba a ɗora wa mai lamuni biya sai idan wanda ya ci bashin ba shi da shi ko ba ya nan. Idan tsakanin 'yan kasuwa ne a gaban alƙalin kotun shari'ar Musulunci, wannan hujja ce da za ka riƙe da kyau. Amma a gaban majistare ko babbar kotu, mai bin bashi yana da damar tsallake wanda ya ci ya zo kanka kai tsaye, musamman in takardar ta ce za ka biya da zarar an nema. Kada ka ɓata wata shida kana wannan musu, ruwa yana hauhawa a kanka.

Abin da za ka iya yi shi ne ka rubuta wa bankin ka nuna musu inda kuɗin mutumin suke. Tun 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke ba banki damar bin lambar BVN ta wanda ya ci bashi ya cire kuɗi daga asusunsa na wasu bankuna, in ya sa hannu a kan haka lokacin karɓa. Tambaye su ko sun yi amfani da shi. Tambaye su jinginar da ya ajiye, da ajiyarsa in ƙungiya ce. Duk abin da aka fara cira daga nasa ya rage maka nauyi.

Sa wanda ya san lissafi ya bi bayanin asusun layi-layi. Tarar da ba ta cikin yarjejeniya, ko ruwan da aka ɗora fiye da ƙa'ida, in ka biya su da gangar jikinka, gobe mutumin zai ce a kotu ba a bin sa wannan, kai ka ga dama ka bayar. In ka ga ƙari, ka yi ƙorafi a rubuce ga bankin, in ba su gyara ba ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Kuma ka nemi ragi. Banki da ya ga za a biya shi dunƙule yakan yafe tara, wani lokaci har da wani abu daga ruwan. Sai dai ka sani, abin da ka biya shi za ka bi, ba abin da aka yafe ba.

In kuwa har an kai ka ƙara, kada ka je kai kaɗai. Ka sa lauyanka ya nemi kotu ta shigo da wanda ya ci bashin cikin shari'ar, ta yadda in hukunci ya hau kanka, a zama ɗaya za a umarce shi ya mayar maka da abin da za ka biya. Wannan yana rage maka buɗe sabuwar shari'a daga baya.

Biya ta hanyar da za ta bar sawu

A nan mutane da yawa suke yanka kansu. Kada ka ba wanda ya ci bashin kuɗi a hannu ka ce ya kai. Wanda ya kasa kai nasa ba zai kai naka ba, in ma ya kai, sunansa ne a rasit. Kada ka ba ma'aikacin da ya zo ƙofar gidanka tsabar kuɗi. Ka tura daga asusunka mai sunanka zuwa asusun bashin, ka rubuta a wurin bayani cewa biyan lamuni ne na bashin wane. In daga albashi ake cira, ka adana takardar albashin kowane wata. Malaman Malikiyya ma sharaɗin da suka sa ke nan: mai lamuni yana komawa kan wanda ya lamunta da abin da ya biya idan biyan ya tabbata, ko da shaidu ko da iƙirarin mai bin bashin.

Kafin ka tura, aika wa mutumin saƙo: an neme ni in biya kaza ranar kaza, ka biya kafin nan, in ba haka ba zan biya in bi ka. Ko bai amsa ba ka ajiye. Da ka gama biya, karɓi takarda daga mai ba da bashin mai cewa kai ka biya naira kaza a madadin wane, kuma an sallame ka. Bayan wata biyu ka nemi rahotonka daga kamfanonin adana tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, ka tabbata ba a bar sunanka cikin masu taurin bashi ba.

Ƙofofi uku da biya ya buɗe maka

Ta farko ita ce bin shi kansa duk abin da ka biya saboda shi. Ba sai kun rubuta haka tun farko ba; da ya roƙe ka ka tsaya masa, doka ta ɗauka ya yi alkawarin mayar maka.

Ta biyu mutane ba su cika sanin ta ba, ita ce kuwa ta fi maiƙo. Idan ka biya bashin gaba ɗaya, kai ka gaji matsayin mai ba da bashin, har da jinginar da ke hannunsa. Takardar fili ce, ko ta mota, ko injin markaɗe da aka yi wa rajistar jingina, kana da haƙƙin a miƙa maka su maimakon a mayar wa wanda ya gudu. Ka rubuta wannan buƙata tun kafin biyan ƙarshe, domin na ji labarin wanda ya gama biya ranar Litinin, ranar Laraba mai bashin ya je ya karɓe takardun gidansa ya yi gaba. Riƙe takardar fili dai ba mallakar fili ba ce. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna ake mayar da haƙƙin fili mai satifiket zuwa wani, saboda haka kada ka sayar da komai da kanka, ka bi ta lauya da kotu.

Ta uku abokan tsayawarka ne. In ku biyu kuka lamunci bashi ɗaya daidai wa daida, ka biya 840,000 kai kaɗai, kana bin ɗayan 420,000, ko da bankin bai taɓa kiran sa ba. Sau da yawa wannan ne kuɗin da ya fi saurin fitowa, don shi bai gudu ba, kunya ce kawai ta hana ka tambaya. Nawa abokin tsayawar ya yi ta ƙunƙuni, amma ya biya ni a karo uku, daga nan muka zama mu biyu muke bin mutum ɗaya, wanda ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Sa shi ya rubuta tun ana ga-maciji

In da mataki ɗaya za ka ɗauka daga wannan rubutu, to wannan ne. Akwai 'yan makonni bayan ka biya da mutumin yake jin nauyinka. Yana ɗaga waya, yana cewa wallahi ka yi haƙuri, ina sane. Wannan lokacin ba ya daɗewa. Bayan wata shida labari zai juya: ai kai ka ce ka yafe, ai na ba ka wani abu a hannu, ai tare muka ci kuɗin. Kafin a kai can, ka zaunar da shi gaban shaidu biyu maza adalai, zai fi kyau ɗaya daga danginsa ne, a rubuta.

Takardar ba ta bukatar Turancin lauyoyi. Da Hausa ma ta yi, in za a kai ta majistare ko babbar kotu sai a fassara. A sa cikakken sunansa da adireshinsa, a ce ya amince kai ka biya naira kaza ga wuri kaza saboda bashinsa, kuma yana ɗauke da wannan kuɗi a wuyansa. A sa nawa zai riƙa biya, ranar nawa ga wata, a wane asusu. A sa cewa in ya tsallake biya biyu, sauran kuɗin duka ya zama na biya nan take. In babu wannan layin, sai ka riƙa bin sa kashi-kashi. A sa abin da ya jinginar, babur ne ko firiza ko fili, da lambobinsa. In zai kawo nasa mai tsaya masa, yayansa ko surukinsa, ka karɓa hannu biyu. Kowa ya sa hannu a kowane shafi, a kai a buga mata kan sarki.

Zai ce maka, haba, tsakaninmu har sai an rubuta? Ka ce masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba don baƙi aka saukar da ita ba. Kunyar mara kunya asara ce.

In ya ƙi zama, ka samo iƙirarinsa ta waya. Rubuta masa a WhatsApp: kuɗin da na biya maka 840,000, yaushe za ka fara? In ya amsa da "ƙarshen wata in sha Allah", ka samu abin da kake nema. Kada ka goge, kada ka sayar da wayar. Dokar shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda da irin wannan shaida, amma sai an haɗa da takardar bayanin na'urar da aka ciro ta, wadda lauya zai tsara maka.

Rubutun yana da wani amfani. Bin bashi a kotu yana da wa'adi: shekara 6 a Legas da Abuja, wasu jihohi 5, kuma naka lissafin daga ranar da ka biya yake farawa. Iƙirari a rubuce mai sa hannu, ko biyan wani ɓangare, yana sabunta wannan lissafi. Mai cewa bari in yi ta haƙuri har Allah Ya hore masa, ya riƙa karɓar ko dubu biyar ta banki lokaci-lokaci.

Wasu suna karɓar cek mai kwanan wata na gaba. Yana da ƙarfi, domin dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara ga wanda ya ba da cek ya dawo babu kuɗi, in an gabatar da shi cikin wata 3 daga kwanan da ke jikinsa. Ni dai ina ganin amfaninsa a tsoratarwa ne da zama hujjar bashi. Wanda ke gidan yari ba ya biyan kowa.

Takardar neman biya, sannan sulhu

In ya ƙi rubutawa, ko ya rubuta ya saɓa, aika masa takardar neman biya. Gajeriya: ga abin da na biya, ga ranakun, ka biya cikin kwana 14 a wannan asusu, in ba haka ba zan je kotu. Ban da zagi, ban da barazanar tona asiri. A kai masa ta hanyar da za a samu shaidar ya karɓa. Wadda ta fito daga ofishin lauya takan girgiza mutum fiye da taka, kuma kuɗinta bai kai na shari'a ba.

Daga nan sai manya. Kowa ya san wanda mutuminsa ke jin kunya: mahaifi, limamin unguwa, mai unguwa, shugaban layinsu in ɗan kasuwa ne. A kasuwa irin Kantin Kwari ko Singa, inda kaya ke fita a kan amana, a ce wane ya bar wanda ya tsaya masa da biya ya fi sammaci zafi, don gobe ba mai ba shi ko ƙyalle. Hukumar Hisba a Kano tana zaman irin wannan sulhu, akwai kuma cibiyoyin sulhu da ke ƙarƙashin manyan kotuna a Kano da Abuja da Legas. Fifikon na kotu shi ne abin da kuka daidaita a kai, alƙali yana iya sa masa hannu ya zama hukunci, in ya saɓa sai zartarwa kawai, ba sabuwar shari'a. Duk inda aka yi zaman dai, kada a tashi da fatiha kaɗai, a tashi da takarda.

Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne

Na san zuciya can take fara kai mutum. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ma haka ta ce a sashe na 8, kuma Kotun Ƙoli ta sha faɗa cewa 'yan sanda da EFCC ba 'yan karɓar bashi ba ne. In ka sa aka tsare shi, yana iya kai ka ƙarar tauye haƙƙi, a ci ka diyyar da ta fi abin da kake bi. Kama matarsa ko ƙaninsa a madadinsa ya fi muni. Haka shiga shagonsa ka kwashi kaya, ko tare babur ɗinsa a hanya, ko buga hotonsa a Facebook da sunan ɓarawo: duk ka ba shi sandar dukanka.

Inda hukuma ke da hurumi shi ne in akwai laifi na gaske: ya nuna maka takardun bogi don ka sa hannu, ya ƙirƙiri sa hannunka, ko ya sayar da kayan da ya jinginar a ɓoye. Wannan zamba ce, a kai ta a matsayinta.

Wace kotu

In kuɗin ba su da yawa kuma adadinsu a fili yake, nemi kotun ƙananan basuka. Legas ta fara ta a 2018 da iyakar naira miliyan 5, Kano ta bi a 2019, jihohi da dama sun biyo baya. Majistare ne ke zama, fom ake cikewa, kana iya tsayawa da kanka ba lauya, kuma an tsara a gama cikin kwana 60. Sharaɗinta ka fara aika takardar neman biya, suna ma da fom ɗinta. Je wurin rajistara ka tambayi iyakar kuɗin jiharku a yanzu da abin da ake biya na shigar da ƙara, ka karɓi rasit na gwamnati a kan kowane kwabo.

In kuɗin sun wuce nan, babbar kotun jiha ce, kuma a nan ka ɗauki lauya. Ka tambaye shi gajeriyar hanyar da ake bi wa bashin da ba shi da abin musu: ana shigar da ƙara da rantsuwa da takardu, in wanda ake ƙara bai kawo kariya mai ma'ana ba, a yanke hukunci ba tare da kiran shaidu ba. Takardar iƙirarin nan da ka sa shi ya rubuta ita ce ke buɗe wannan hanya. In ka ga alamar yana sayar da kadarorinsa don kada a samu abin kamawa, gaya wa lauyan da wuri, akwai umarnin da kotu ke bayarwa na hana taɓa dukiya kafin hukunci.

In ku duka Musulmi ne, kotun shari'ar Musulunci tana kusa, da Hausa ake yi, kuma ba ta da tsada. Alƙali zai tambaye shi. In ya yi iƙirari magana ta ƙare. In ya musa, hujja a kanka take: maza biyu, ko namiji da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwarka, wanda Malikiyya suka yarda da shi a sha'anin dukiya. Abu ɗaya za ka auna kafin ka zaɓa. Wannan kotu ba ta hukunta biyan riba, saboda haka in kaso mai yawa na abin da ka biya ruwa ne, ka shirya jin an tsaya a kan uwar kuɗi. A majistare kuwa duk abin da ka biya bisa lamunin kake nema.

Ko wace ka zaɓa, ka shigar a inda yake zaune ko inda aka ƙulla lamarin, ka riƙe adireshinsa na gaskiya. Shari'o'in bashi da yawa a wurin kai sammaci suke kwana. In yana ɓuya, a nemi izinin kotu a liƙa a ƙofar gidansa.

An yi hukunci, tsugune ba ta ƙare ba

Takardar hukunci ba kuɗi ba ce. Kotu ba za ta tafi neman dukiyarsa ba, kai za ka nuna. Shi ya sa tun ranar farko ya kamata ka buɗe littafi: bankunan da yake hulɗa da su, lambar motarsa, inda shagonsa yake, wanda yake bi kuɗi, filin da ya taɓa nuna maka. Tsofaffin alat ɗin da ya taɓa turo maka suna ɗauke da sunan bankinsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce kama kuɗinsa da ke hannun wani, abin da lauyoyi ke kira ganishi. Kotu tana ba bankuna umarnin farko su riƙe abin da ke asusunsa su zo su yi bayani, a ba da aƙalla kwana 14 kafin zama, sannan a ba da umarnin ƙarshe a biya ka. Kada ka yi ta shelar za ka yi, in ya ji zai kwashe. In kuɗin suna hannun jami'in gwamnati a matsayin aikinsa, sai an nemi amincewar Antoni Janar, wannan kuwa yakan ja lokaci, gara a bi asusunsa na banki.

Ta biyu kama kaya: ma'aikatan kotu su je su ɗauki mota ko kayan shago a yi gwanjo. Ba a taɓa tufafinsa da shimfiɗarsa, kuma ba a zuwa kan gida ko fili sai an nuna wa kotu kayan ɗauka ba su isa ba. Ka tabbata abin da ka nuna nasa ne. Kayan ɗakin matarsa nata ne, in aka ɗauka za ta shigar da nata ƙorafin, ka ƙare da biyan kuɗin dako. Ta uku a kira shi gaban alƙali ya yi bayanin samunsa a kan rantsuwa, a yanka masa abin da zai riƙa biya, in ya tabbata yana da hali ya ƙi, kotu na iya tsare shi. In ya koma wata jiha, ana ɗaukar takardar shaidar hukuncin a yi mata rajista a kotun can, a zartar kamar a can aka yanke.

In ya rasu, ko kamfani ne, ko babu ce ta gaske

In ya rasu, ka je wa magada da takardunka kafin a raba gado, bayan kwanakin zaman makoki amma ba da jinkiri ba. Bashi yana gaban wasiyya da rabo. Magada ba sa biya daga aljihunsu, daga abin da ya bari ake cira, in an riga an raba kuwa aikin ya ninku.

In kamfani mai rajistar "limited" ka tsaya wa, kamfanin kake bi, ba mai shi ba, sai in shi ma ya sa hannu da sunansa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce wanda ke bin kamfani kuɗin da suka kai adadin da aka ƙayyade, ya kai takardar nema ofishinsa aka yi mako 3 ba a biya ba, yana iya neman Babbar Kotun Tarayya ta rushe shi. Wanda kuwa sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, shi da kasuwancin abu ɗaya ne.

Sai wanda ya karye da gaske. A nan ka yi lissafi da idon basira. Hadisi ya kira jinkirin mai hali zalunci, aya ta 280 a Baƙara kuma ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu. Aikinka ka gane wanne ne a gabanka, kuma ba daga bakinsa za ka gane ba, daga cefanen gidansa da wayar hannunsa ne. In babu ce, kashe 200,000 a shari'a don kama wanda ba shi da akuya ƙarin asara ne. Karɓi rubutu, karɓi kaɗan-kaɗan, ka bar wa'adin a raye.

Nawa mutumin a tsakiya ya faɗo: shagon ya mutu, amma ya samu aikin tuƙi. Ba mu kai ga hukunci ba. Takardar lauya ta fito da shi, yayansa ya zaunar da mu, aka rubuta naira 35,000 duk ranar 5 ga wata har wata 24, takardun babur ɗinsa suna hannuna, yayan ya sa hannu a matsayin mai tsaya masa. Ni da abokin tsayawata muna raba 17,500 kowa. Wata 14 ke nan, sau ɗaya ya tsallake, da na tura wa yayan hoton shafin da ya sa wa hannu, kafin la'asar alat ya shigo.